Kuɗin wutar bas mai waya, da abin da lissafinsa ke nufi ga Garwa da Njamena

Tun daga watan Fabrairun 2024, lokacin da litar gazuwal ta tashi daga sefa 720 zuwa 828 a gidajen mai na Kamaru, bayan zuwa-zuwa, wato man da ake shigo mana da shi ta bayan fage daga Najeriya, ita ma ta yi tsada saboda janye tallafin mai da aka yi can a 2023, maganar sufuri da wutar lantarki ta yawaita a bakin mutanen Garwa da Marwa. Mafi yawan masu maganar motoci masu batir suke nufi, amma akwai wata tsohuwar hanya da ta girmi batirin zamani nesa ba kusa ba, wato bas mai waya, wanda ke tafiya a kan taya kamar kowace mota, sai dai yana jan wutarsa ne daga wayoyi biyu da aka shimfiɗa a saman titi, ta hanyar wasu dogayen sanduna biyu da ke bisa rufinsa. Werner von Siemens ne ya fara gwada irinsa a gefen birnin Balin na Jamus a 1882, kuma har yau birnin Shanghai na aiki da nasa, wanda aka buɗe tun 1914. Ina da sha'awar wannan mota ƙwarai, domin ba ta hayaƙi, ba ta da ƙara, kuma tana daɗewa fiye da mai gazuwal. Sha'awar ce ta sa na ga ya dace a zauna a yi lissafin wutarta da gaske, domin a wajen wuta ne tsarin ke tsayawa da ƙafarsa ko ya faɗi.

Wutar da ke gudana a wayoyin bas ba irin ta gidajenmu ba ce. Kamfanin rarraba wuta yana kawo ta ne a matsakaicin ƙarfi, wanda a biranen Kamaru yawanci bolt 15,000 ne, kuma wuta ce mai kai da komowa. Shi kuwa bas yana bukatar wuta mai tafiya fuska ɗaya, a bolt 600 a tsofaffin layuka, ko 750 a yawancin sababbi. Saboda haka dole a gina ƙananan tashoshi a gefen hanya, kowace da taransifomar da ke sauke ƙarfin wutar, da na'urar da ke miƙar da ita, da makunnan kariya da ke yanke ta idan waya ta tsinke ko ta haɗu da 'yar'uwarta. Wayoyin biyu ne saboda tayar roba ba ta mayar da wuta ƙasa, saɓanin taragon lantarki wanda ƙarfen dogonsa ke zama hanyar komawa. Ke nan titi mai zuwa da dawowa yana cin wayoyi huɗu, kuma idan kaurin kowace ya kai murabba'in milimita 100, nauyin jan ƙarfen da ke rataye a kilomita ɗaya ya kai kusan tan uku da rabi, ban da turaku da igiyoyin riƙo da mahaɗan da ake sawa a mararraba.

Abin da ke tilasta yawaita ƙananan tashoshin shi ne asarar da ake yi a cikin wayar kanta, kuma wannan lissafi ne da duk ɗalibin da ya yi kimiyya a sakandare zai iya bi. Wayar jan ƙarfe mai kaurin da na ambata tana da turjiya, wato tirjewar da waya ke yi wa wutar da ke bi ta cikinta, ta kusan om 0.175 a kilomita, idan aka haɗa zuwa da komowa ta zama 0.35. Bas da ke tashi daga tsayawa cike da fasinja yana iya jan amfiya 300 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana), wanda a bolt 600 ya zama kilowat 180. Idan yana nesa da tashar da kilomita ɗaya, kuma daga gefe ɗaya kawai ake ciyar da layin, bolt 105 za su zube a hanya, kilowat 31 da ɗoriya kuma su koma zafi a cikin waya, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da tashar ta aiko. Asarar tana ƙaruwa ne da ninkin amfiya a kan kanta, shi ya sa idan aka ɗaga ƙarfin zuwa bolt 750, amfiya ta sauko 240, asarar ta koma kilowat 20. Mai tsara layi yana tsakanin kashe kuɗi iri biyu ke nan: ko ya kashe su yau wajen gina tashoshi kusa da juna da ƙara wayoyin ciyarwa masu kauri, ko ya riƙa biyansu kowane wata na tsawon shekaru talatin a matsayin wutar da mita ta ƙirga amma ba ta juya taya ba. Wannan zaɓi ba na injiniya kaɗai ba ne, domin amsarsa ta dogara ga farashin wuta da kuma ruwan bashin da aka ci aka yi ginin.

Takardar kuɗin wuta ta irin wannan kamfani ma ta sha bamban da tamu. Mai gida a Kamaru yana biyan abin da ya sha ne kawai, daga sefa 50 a kan kilowat-awa ga mai ƙaramin amfani har zuwa 99 ga mai babban amfani, bisa jadawalin 2012. Amma wanda ke karɓar wuta a matsakaicin ƙarfi yana biyan abu biyu: kuɗin abin da ya sha, wanda ke ƙara tsada daga ƙarfe shida na yamma zuwa sha ɗaya na dare, da kuma tsayayyen kuɗi a kan yawan kilowat ɗin da ya nemi a keɓe masa. Na biyun kamar hayar shago yake a kasuwa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba sai an biya. Wannan yana cutar da layin bas fiye da yadda yake cutar da masana'anta, domin injinan masaƙa ko na gurzar auduga suna jan wuta kusan daidai wa daida tsawon yini, alhali bas yana fizgarta da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi lokacin tashi, sannan ya sassauta, sannan ya daina gaba ɗaya a matsaya. Idan motoci biyu ne kacal a sashen da tasha ɗaya ke ciyarwa, dole a gina tashar kuma a biya hayarta bisa ƙaddara cewa za su iya tashi lokaci guda, ko da yake mafi yawan yini tana zaune ne ba aiki. Idan kuwa motoci goma ne, tashin wannan yana faɗawa cikin tsayawar wancan, jan wutar ya daidaita, kowane kilowat da aka yi haya ya yi aikin kuɗinsa.

Yawan motoci yana da wani amfani kuma wanda ba kowa ke lura da shi ba. Bas na zamani idan ya taka birki injinsa yana juyewa ya zama janareta, ya mayar da wuta cikin waya. Sai dai na'urar miƙar da wuta ta gargajiya ba ta barin wutar ta koma baya zuwa layin kamfani, saboda haka sai in akwai wata mota a wannan sashe da ke jan wuta a daidai wannan lokaci za a amfana da ita, in ba haka ba a ƙone ta a banza a cikin wasu ƙarafa da aka tanada a rufin motar. Layi mai cunkoso yana cin moriyar birkinsa, layin da motocinsa ke zuwa jefi-jefi kuwa yana zubar da ita. Ta fuska uku ke nan cunkoso ke sauke kuɗin kowace tafiya, wajen raba kuɗin gini, da wajen hayar ƙarfin wuta, da wajen birki, kuma a ganina wannan ne ginshiƙin tattalin arzikin bas mai waya baki ɗaya.

Bari mu sa lambobi, da sharaɗin cewa waɗanda suka shafi gini da farashin wuta ƙaddarawa ce domin a ga yadda lissafin ke motsi. Mu ɗauki dogon bas mai gaɓa biyu, mai mita 18, mu ce na gazuwal yana shan lita 60 a kilomita 100 a cikin gari, wanda a farashin sefa 828 ya kama kusan sefa 500 a kilomita. Mu ce mai waya yana shan kilowat-awa 3 a kilomita idan aka haɗa da asarar waya da na'urar sanyaya ciki, wadda ba makawa sai da ita a zafin watan Afrilu. Idan kilowat-awa ya tsaya a kan sefa 90 bayan an haɗa haya, kilomita ya kama sefa 270, rarar ta zama 230. Yanzu mu ƙaddara cewa shimfiɗa waya da tashoshinta ya ci Yuro miliyan ɗaya a kilomita, wato kusan sefa miliyan 656 a tsayayyen canjin da ke tsakanin kuɗaɗen biyu, kuma biyan bashi da ruwansa da gyare-gyare suna cin kashi goma cikin ɗari na wannan a shekara, kimanin miliyan 65. Kafin rarar sefa 230 ta cike miliyan 65, sai bas ya ratsa wannan kilomita sau 283,000 a shekara, wanda idan aka raba shi ga ranaku da ɓangarorin titi biyu da awa 18 na aiki yana nufin mota ɗaya a kowane minti uku ko ƙasa da haka, daga asuba har dare, ran kasuwa da ran da ba kasuwa. Babu titin da zai ɗauki wannan a arewacin Kamaru.

Amma a sauya abu biyu a gani. Idan wutar daga madatsar ruwa ko hasken rana take zuwa, aka ƙulla yarjejeniya mai dogon zango a kan sefa 50, rarar ta haura zuwa 350 a kilomita. Idan kuma bashin mai sauƙin ruwa ne, irin wanda bankunan raya ƙasa ke bayarwa na shekaru masu yawa, har nauyin shekara ya sauko rabi, zuwa miliyan 33, to mota ɗaya a kowane minti takwas ta isa ta biya wayar. Daga minti uku zuwa minti takwas tazara ce babba, ita ce tsakanin abin da ba zai yiwu ba da abin da za a iya zama a tattauna, kuma ba a taɓa motar ko wayar ba, farashin wuta da farashin bashi kawai aka taɓa. Ban sa tsadar sayen motar a lissafin ba, domin ko da yake mai waya ta fi mai gazuwal tsada a ranar saye, tana yin shekarun da suka fi nata, ba ta kuma bukatar juyen baƙin mai da gyaran giya, ta yadda abubuwan biyu ke rage wa juna kaifi.

Tarihin garuruwan da suka riƙe wannan tsari da waɗanda suka sake shi yana tafiya daidai da wannan lissafi. Suwizalan, wadda fiye da rabin wutar da take samarwa daga ruwa yake fitowa, ta riƙe layukanta a Zurik da Janeba da Lozan da Ban. San Faransisko a Amurka tana ciyar da nata ne daga madatsun Hetch Hetchy, waɗanda mallakar birnin ne, ga kuma tuddai masu tsauri inda injin lantarki ya fi na gazuwal ƙarfin hawa. Landan ta rufe nata a 1962, a zamanin da mai ke da araha kuma kayan wutar suka kai lokacin sabuntawa, Bradford ta zama ta ƙarshe a Ingila a 1972, Johannesbag kuma ta rufe a 1986. Wellington ta ƙasar Niyu Zilan ta tsayar da nata a ƙarshen Oktoban 2017, kuma babbar hujjar da hukuma ta kafa ita ce tsadar sabunta tsofaffin kayan ba da wuta. Mosko, wadda ta fara a 1933 kuma ta daɗe tana riƙe da tsari mafi girma a duniya, ta rufe a watan Agustan 2020 ta koma ga motoci masu batir da na mai. Abin lura shi ne ba a cika rufe layi yana sabo ba, ana rufe shi ne ranar da taransifoma da waya suka tsufa aka ga ba a ajiye kuɗin maye gurbinsu ba. Duk hukumar da ta ƙirga kuɗin wutar wata-wata kawai ta manta da wannan asusu, ta sa wa layinta ranar mutuwa tun ranar buɗe shi.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Katmandu, babban birnin Nefal. Ƙasar Sin ce ta gina musu layi mai kilomita 13 a matsayin kyauta, aka buɗe shi a ƙarshen 1975, ya yi wa jama'a aiki shekaru da dama da kuɗin mota mai rahusa. Daga baya asara ta taru, gyara ya gagara, aka riƙa sace waya, aka dakatar da shi a 2001, aka farfaɗo da wani yanki, sannan ya tsaya gaba ɗaya a 2008. Kyautar ta ɗauke musu kuɗin gini, amma ba ta ɗauke kuɗin riƙo ba. Satar waya kuwa ba abin da za mu ɗauka da wasa ba ne, domin tan uku da rabi na jan ƙarfe a kowane kilomita dukiya ce a sarari, kuma abin da ke tsaronta da dare shi ne wutar da ke cikinta. Duk daren da aka ɗauke wuta, wayar ta rasa mai gadinta.

Wannan ya kawo mu ga wutar arewa. Jihohi uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe suna dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982, mai injina huɗu da jimillar megawat 72. A shekarun da damina ta yi ƙaranci tafkin ya ja baya, kowa ya ga yadda wutar ta koma rabo unguwa-unguwa, aka koma ga injinan mai irin na unguwar Jambutu a Garwa domin cike giɓi. An samu sauƙi da tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, waɗanda aka buɗe a 2023 da jimillar megawat 36 tare da batiran ajiya, kuma ana aikin layin bolt 225,000 da zai haɗa arewa da kudu, ya kawo wutar madatsar Nachtigal mai megawat 420 ta Gaundare da Garwa da Marwa, ya zarce har Njamena. Idan aka duba yawan abin da bas ke bukata, ba wani abin tsoro ba ne: motoci 30 da ke tafiyar kilomita 18 a awa, kowace na shan kilowat-awa 3 a kilomita, matsakaicin jansu bai wuce megawat 1.6 ba, kusan kashi biyu cikin ɗari na ƙarfin Lagdo. Abin da ke da wuya shi ne tabbaci. Masana'anta idan aka ɗauke mata wuta tana asarar aikin awa ɗaya ne, amma layin bas na gargajiya idan aka ɗauke masa, motoci talatin ne za su tsaya cik a tsakiyar titi da fasinjojinsu cikin rana, su toshe hanya, kuma wanda ya makara zuwa aiki sau biyu saboda haka zai koma wa ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, ba zai sake dawowa ba. Sayen tabbaci yana nufin a ciyar da kowace ƙaramar tasha daga layuka biyu mabambanta, a kuma cire su daga jadawalin rabon wuta, wanda ma'anarsa ita ce wata unguwa ce za ta kwana a duhu a madadinsu. Wannan ma farashi ne, ko da bai bayyana a takardar kuɗi ba, kuma adalci ne a faɗa wa mutanen unguwar tun farko.

A Njamena matsalar ta juya. Can akwai jama'a fiye da miliyan ɗaya, akwai dogayen tituna da ke cika safe da yamma, akwai kuma kwararar mutane da kaya ta gadar Ngeli zuwa Kuseri, ta yadda samun fasinjan da zai cika mota kowane minti takwas ba zai yi wuya ba. Amma mafi yawan wutar birnin daga injinan da ke ƙona mai take fitowa. Lita ɗaya a babban janareta tana ba da kilowat-awa 3.5 zuwa 4, ke nan kilowat-awa 3 da bas ke bukata a kilomita zai ci kusan lita 0.8, alhali da an zuba man kai tsaye a tankin mota lita 0.6 ta isa. Wanda ya shimfiɗa waya a kan irin wannan wuta ya ƙara shan mai ne, ya kuma ɗora wa kansa bashin jan ƙarfe a kai. Ribar da za ta rage ita ce fitar da hayaƙi daga tsakiyar gari zuwa bayansa, abu ne mai daraja ga lafiyar masu zama da masu talla a bakin titi, amma ba zai biya bashi ba. Don haka ina ganin maganar bas mai waya a Cadi ba ta da tushe sai wutar ruwa ta iso ta sabon layin, ko tashoshin hasken rana sun yi yawan da za su ɗauki nauyin yini.

Akwai wani canji na 'yan shekarun nan da ya sassauta lissafin, kuma shi ne ya sa ban yanke ƙauna ba. Ana ƙera bas mai waya yanzu da matsakaicin batir, wanda ke cika yayin da motar ke tafiya ƙarƙashin waya, sannan ta sauke sandunanta ta ci gaba da wasu kilomitoci da abin da ta tara. Da wannan dabara birnin Farag na ƙasar Cek, wanda ya rufe layukansa a 1972, ya dawo da su, har ya buɗe na filin jirgin sama a 2024, haka kuma Solingen ta Jamus ta miƙa hanyoyinta zuwa inda babu waya. A nahiyarmu Marakesh ta Maroko ta buɗe layi a 2017 wanda wani yanki nasa kawai aka sa wa waya. Amfanin a fili yake: ana iya shimfiɗa waya a rabin hanya ko ƙasa da haka, a zaɓi miƙaƙƙen wuri mai sauƙin gini, a kauce wa shataletale da mararraba inda mahaɗan waya suka fi tsada da yawan lalacewa, kuma idan aka ɗauke wuta motar tana da abin da zai kai ta matsaya ta gaba ko gareji. Batirin yana kuma shanye wutar birki, yana rage fizgar lokacin tashi, wanda ke sauke kuɗin haya. Sai dai kowane kilomita mai waya zai ɗauki nauyin tafiya da na caji a lokaci guda, saboda haka tashoshinsa sai sun fi ƙarfi.

Dole a gwada wannan da bas mai batir zalla, irin wanda Dakar ta fara aiki da shi a 2024 a kan keɓaɓɓen titi mai kilomita 18. Shi ba ya bukatar waya ko kaɗan, ana iya sauya masa hanya yadda aka so, kuma farashin batir yana ta sauka, wannan hujja ce mai ƙarfi wadda ba zan raina ba. Amma ina ganin akwai abin da yanayinmu ke faɗa wanda ya bambanta da na Turai. Babban batir ba ya son zafi, kuma a inda ma'auni ke haura digiri 40 makonni a jere, ko dai ya tsufa da wuri ko a kashe wuta wajen sanyaya shi, ga nauyinsa da ke rage yawan fasinja. Mafi muhimmanci kuma shi ne lokacin shan wutar. Bas mai babban batir yawanci da dare ake cika shi a gareji, lokacin da babu rana, alhali mai waya yana shan wutarsa ne a lokacin da yake aiki, kuma mafi yawan aikinsa da rana ne, daidai lokacin da tashoshin Marwa da Gidar ke kan ganiyarsu. Wutar da ba a ajiye ta ba ita ce mafi araha. Inda gizo ke saƙar shi ne cunkoson yamma, domin a nan rana tana faɗuwa ne wajen ƙarfe shida ko da rabi duk shekara, daidai lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke komawa gida, gidaje ke kunna fitila da fanka, farashin wuta kuma ke hawa. Maganin da nake gani yana Lagdo: a riƙe ruwan tafkin da rana a bar hasken rana ya yi aiki, a sake shi da yamma. Tafkin ajiya ce da aka riga aka gina, kuma babu batirin da zai kai shi araha.

Yanayi yana da nasa kuɗin a kan waya ma. Jan ƙarfe yana miƙewa da zafi, kilomita ɗaya yana ƙara kusan rabin mita idan aka samu bambancin digiri 30, wanda ba baƙon abu ba ne tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara, saboda haka sai an sa na'urorin da ke daidaita ɗaurin wayar. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan abubuwan da ke raba waya da turaku, idan raɓa ko ruwan farko ya sauka a kanta wuta ta riƙa zurarewa, sai an riƙa wankewa. Iskar farkon damina tana kayar da rassan dalbejiya, manyan motocin auduga da na buhuna kuwa sukan yi lodin da ya wuce ƙa'ida, alhali waya ba ta wuce mita biyar da rabi zuwa shida daga ƙasa ba. Kowanne daga cikin waɗannan yana nufin ma'aikata da motar hawa sama da kayan gyara a ajiye, kuma albashinsu yana nan ko mota goma ce ke bin layin ko ɗari.

Akwai kuma lissafin ƙasa, wanda ya fi na kamfani faɗi. Tun gobarar matatar Limbe a ƙarshen watan Mayun 2019 Kamaru ke sayo tataccen mai daga waje da kuɗin ƙetare, kuma kafin lita ta iso Garwa sai ta hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare, sannan tanka ta sauko da ita ta gangaren dutsen nan mai hatsari. Ruwan Binuwai da ranar Marwa kuwa namu ne. Gwamnatin da ta ba layin bas wuta a farashi mai sauƙi tana iya samun abin da ta bayar ta wata ƙofa, ta ragin man da take shigowa da shi, amma sai an rubuta wannan rangwame a fili, hukumar ARSEL mai kula da farashin wuta ta san da shi, an kuma faɗi wanda zai biya bambancin. In ba haka ba zai zama bashin da ke taruwa a kan kamfanin wuta, daga ƙarshe ya dawo kan mai mita a gida.

A nawa ganin, Garwa ba ta kai ga shimfiɗa waya ba tukuna, kuma abin da ya rage mata ya fi karkata ga fasinja fiye da wuta. Mota mai ɗaukar mutum ɗari kowane minti takwas tana nufin kusan fasinja 750 a awa ta kowane ɓangare, a garin da mutane suka saba babur ya ɗauke su daga ƙofar gida ya sauke su a ƙofar shago, kuma dubban matasa ke ci da iyalansu daga wannan sana'a. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikin da ke gabanmu shi ne a zaɓi hanya ɗaya miƙaƙƙiya, kamar wadda ta taso daga wajen Jambutu ta ratsa tsakiyar gari zuwa babbar kasuwa, ko ta Gaundare zuwa jami'ar da ke Dang inda ɗalibai ke kai da komowa kullum, a sa mata motocin bas na yau da kullum masu tashi a kan lokaci, a shirya da 'yan kilando su riƙa kawo fasinja matsaya daga cikin unguwanni, a kuma ƙirga masu hawa awa-awa na shekaru biyu ko uku, rani da damina. A duk lokacin da ake sake gina irin wannan titi, a keɓe filayen ƙananan tashoshi, a binne bututun da kebul zai bi, domin yin haka lokacin da kwalta ke buɗe kusan kyauta ne idan aka gwada da fasa ta daga baya, kuma ko an ƙare a kan bas mai batir ne, wuraren cajinsa za su bukaci filayen da bututun nan.